An Yi Sabon Jariri, Ina Za a Sa Yayansa? Matakai Daga Ciki Wata Shida Zuwa Bayan Arba'in

Cikin tambayoyin da masu jego ke kawowa, babu wadda ake maimaitawa kamar wannan: "Tunda na haihu yarona ya canza. Ga kukan banza, ga fitsarin kwance ya dawo, jiya ma na kama shi yana mintsinin jaririn. Yaya zan yi?" Masu ciki na biyu kuma so suke su san ta inda za su fara tun abin bai zo ba.

Jariri a satuttukansa na farko nono yake so, da ɗumin jiki, da tsabta. Bai san wa aka fi ɗauka ba, bai san wa aka ɗinka wa sabuwar riga ba. Yayansa ne mai lissafi, domin jiya shi ne a bayan Inna, yau ya ga wani a wurin. Shi ya sa yawancin aikin da ke ƙasa a kan babban yaron yake, musamman ɗan shekara ɗaya da rabi zuwa biyar. A kula da jerin matakan, don abin da ake yi cikin sauƙi kafin haihuwa, in aka bar shi sai bayanta, rigima yake zama.

1. Faɗa masa, amma ba da wuri ba

Yaron da bai kai shekara uku ba bai san "wata huɗu nan gaba" ba. Ki jira sai ciki ya fito, wajen wata shida ko bakwai, sannan ki ɗora maganar a kan abin da ya sani: "bayan Sallah," ko "in ruwa ya sauka." Kunya ba za ta hana ba, don ba dogon bayani ake nema ba. "Akwai ƙaninka a nan, in ya ƙara girma zai fito" ya isa. In maƙwabta sun yi haihuwa, ki je barka da shi ya ga yadda jariri yake: barci, kuka, nono, shi ke nan.

Hattara: kar ki ce masa za a kawo masa abokin wasa. Zai jira wanda za su buga ƙwallo, sai ya ga wanda ko zama bai iya ba. Haka kuma kar a ce "sayo shi za mu yi a kasuwar Dole." Abin da aka sayo ana mayar da shi, kuma bayan kwana uku zai ce a mayar.

2. Sauye-sauye a gama su wata biyu kafin haihuwa

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne ciwo in an tsallake. Abubuwa uku ne jariri zai karɓa daga hannun yayansa: shimfiɗa, baya, da nono in bai riga ya bari ba. In duk ukun suka tafi a satin da jariri ya iso, ba sai an gaya wa yaro wanda ya ƙwace masa ba. A raba su, ɗaya bayan ɗaya, da tazarar kamar sati biyu.

A fara da shimfiɗa. A yi masa tasa katifa ko tabarma da nasa sange, wato gidan sauro, a ɗaki ɗaya da ke tukuna, ko kusa da Baba. A kira ta da sunansa, a bar shi ya taya a ɗaura sangen. Sai goyo: a rage shi a hankali, a koma riƙon hannu in tafiyar gajera ce, a bar wa Baba ko wata babba a gidan ɗaukarsa. Zanen goyonsa kuwa, in da hali, kar ya gan shi a jikin jariri. Sabon zane ɗaya ba zai karya gida ba.

Sai yaye. Da yawa in sun gane suna da ciki, ran nan suke cire yaro daga nono, wai nonon ya lalace zai sa shi zawo. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yana iya raguwa, ɗanɗanonsa ya sauya, amma in cikin lafiya lau yake, ana iya ci gaba da shayarwa, sai fa in ungozoma ta hana saboda zubar jini ko tarihin haihuwar bakwaini. Abin da ke kayar da yaro shi ne yayen dare ɗaya: a shafa maɗaci a nono, a kai shi gidan kaka, ya rasa nono da uwa lokaci guda, ya ƙi abinci, zawo ya biyo, tamowa ta samu ƙofa. A maimakon haka ki janye shayarwa ɗaya duk bayan kwana huɗu ko biyar. Ta tsakar rana ta fara tafiya, ta kwanciyar dare ta zama ƙarshe. Duk wadda aka cire a cike gurbinta da abinci mai nauyi: kunun hatsi mai kauri da garin ƙuli ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa da cokalin mai, dafaffen ƙwai, wake, miyar zogale. Yaro tsakanin shekara ɗaya da biyu yana buƙatar ci sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu.

Hattara: in wata tara ya kama ba a fara koya masa zama a fo ba, ko ba a sa shi makarantar allo ba, a ƙyale sai jariri ya yi wata uku. Makarantar da aka kai yaro a satin suna, kora yake ɗaukarta.

3. Wa zai riƙe shi ranar naƙuda

A zaɓi mutum ɗaya tun wata takwas: kaka, gwaggo, abokiyar zama ko maƙwabciyar da ya saba da ita. Ya wuni wurinta sau biyu ko uku, ya kwana sau ɗaya, tun kina gida. A haɗa masa ƴar jaka: kaya kala uku, kofinsa, zanen da yake lulluɓa, da karnensa, wato katinsa na asibiti. Maigida ya ajiye lambar mai mota ko mai adaidaita biyu, ya ware kuɗin zuwa asibiti daban da kuɗin suna, kar ragon suna ya cinye su. Naƙudar dare ba ta jiran a nemo rance.

Hattara: in da rana ne, ki yi masa sallama ko da zai yi kuka. Uwar da ta sulale ta bar yaro yana wasa, in ta dawo zai manne mata har ƙofar ban ɗaki, don ya daina yarda. Kuma in ba dole ba, kar a tura shi ƙauye ya yi arba'in ɗin can. Kwana biyu ko uku ya wadatar.

4. Haɗuwar farko

Lokacin da zai shigo, jaririn ya kasance a shimfiɗa ko a hannun wata, hannunki biyu a sake. Ki fara da shi: ki rungume shi, ki tambaye shi me ya ci a gidan Kaka. Ki bar shi ya hango jaririn da kansa. In ya tambaya, "ƙaninka ne, kai ne Yayansa." A wanke masa hannu da sabulu, a zaunar da shi a ƙasa kan tabarma, a ɗora masa jaririn a cinya, hannun babba na tallafe da kai. A nuna masa inda ake taɓawa, ƙafa da hannu, da inda ba a taɓawa: ido, baki, maɗiga da cibiya. In ya kalla ya juya ya tafi wasansa, babu laifi. Kar a tilasta masa sumba ko murna.

5. Daga barka zuwa suna

Kwana bakwai ɗin nan gida cike yake, kuma kowa jariri ya zo gani. Abin da ya fi yi wa yaro rauni a satin nan bakin manya ne: "An yi maka ƙane, an kore ka." "Inna ta samu sabo, ta yar da kai." Kakanni wasan jika suke yi, ba da mugunta ba, amma ɗan shekara uku bai san wasa ba ne. Mai jego ba za ta iya tsawata wa surukai ba, don haka a samu babbar mace ɗaya a gidan da za ta riƙa tarewa cikin raha: "A'a, wannan ai shi ne babban gida, sai an gaishe shi ake ganin jariri." Ita ma uwa, duk wanda ya faɗa a gabansa, ta jawo shi jikinta ta ce, "Wasa Kaka take yi, kana nan wurina."

Ranar suna a ɗinka masa kaya shi ma, ko yadi ɗaya da na jaririn. A ba shi aiki a bainar jama'a, kamar miƙa faranti na dabino ko goro tare da Baba. A ajiye ƴan ƙananan abubuwa a ɓoye, biskit ko ƙaramar mota ta roba, don lokacin da kayan barka suka taru gaban jariri shi kuma hannunsa wayam. A sa mutum ɗaya takamaimai ya kula da cin abincinsa da inda yake, domin a taron suna ne yaro ke wuni da yunwa kowa na zaton wani ya ba shi, ko ya bi ƴan biki ya fice titi.

Hattara: in wanzami ya zo, aski kaɗai, da sabuwar reza da aka buɗe a gabanku. Cire beli yana jawo zubar jini da shigar cuta, jariri ya kasa kama nono. Kuma a fitar da babban yaron daga wurin. Yaro mai kwaikwayo ne, kuma reza ba ta da wuyar samu a tsakar gida.

Cikin satin nan maigida ya karɓi takardar shaidar haihuwa daga asibiti ya kai ma'aikatar magajin gari. Wa'adin kwana 60 ne, bayansa sai an bi ta kotu. In yayan ma ba shi da takarda, a tambayi hanyar gyarawa a tafiya ɗaya, kafin shekarun shiga makarantar boko su zo.

6. Ruwan zafi da wuta

Wankan jego na nufin tukunya a kan murhu safe da yamma har kwana arba'in, a daidai lokacin da idon uwa ya rabu biyu. A nan yara ke ƙonewa. A kafa murhun a lungu, a tare shi da turmi ko benci. Mai ɗauko ruwan ta tabbatar yaron na hannun wani kafin ta sauke tukunya, kuma a fara zuba ruwan sanyi a baho kafin na zafi. In tsautsayi ya faru, a zuba ruwa mai sanyi a wurin na minti ashirin, a rufe da tsabtataccen zane, a tafi asibiti. Ban da man goge baki, ƙwai ko manja.

A Damagaram ruwa kuɗi ne, kuma jego na ninka abin da gida ke sha: wanka biyu, ga wankin tsumma kullum. A sa kuɗin ga-ruwa cikin lissafi tun kafin haihuwa, musamman in za ta faɗo a bazara. Amma ruwan da aka tara ma haɗari ne. Yaron da ke tatata in ya leƙa bokiti ya faɗa da ka, ba ya iya fitowa, kuma ba a jin ƙararsa. Randa da bokiti a rufe da abu mai nauyi, bahon wanki a zubar da an gama.

A hunturu kar a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. Hula, safa da jikin uwa sun fi shi ɗumama jariri.

7. Tsarin kwanciya

Jariri ya kwanta rigingine, a shimfiɗa mai ɗan tauri, babu matashi ko tulin zannuwa kusa da fuskarsa, cikin sange. Yayansa kar ya kwana gefensa ko da dare ɗaya, domin yara na birgima cikin barci ba su sani ba. In ɗaki ɗaya ne kuma katifa ɗaya, uwa ta shiga tsakiya. In da dare ya lallaɓo wurinki, ki karɓe shi ta ɗaya gefen, in ya yi barci a mayar da shi tasa. A lokacin zafi da ake kwana a tsakar gida, tsarin bai canza ba, sange biyu.

8. Rabonsa na kullum

Jariri na shan nono sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana ɗaya, kuma a daidai lokacin ne yayansa ke tuna yana jin ƙishirwa, ko yana son kashi. Kafin ki zauna, ki ajiye masa ruwa da ɗan abin ci kusa, ki kira shi ya zauna gefenki. Hannu ɗaya na riƙe da jariri, ɗayan na kansa, ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko ku yi ƴar waƙa. In ya ce shi ma zai sha nonon, kar a yi masa dariya ko tsawa. A tatsa kaɗan a cokali ya ɗanɗana, yawanci daga nan ya haƙura.

Bayan wannan, a ware masa minti goma sha biyar kullum, lokaci ɗaya da ya sani, misali bayan la'asar in jariri ya yi barci. Babu waya, babu tsintar shinkafa, shi zai zaɓi wasan. Kaɗan ɗin da ba ya fashi ya fi yawon wuni guda sau ɗaya a wata. Wani lokaci kuma, in jaririn ya ƙoshi yana ɗan ƙananan kuka kawai, ki ce da ƙarfi yadda yayan zai ji: "Dakata kaɗan, ina sa wa Yaya takalmi." Kullum shi ake ce wa ya jira, ya ji an ce wa wani ma.

In ɗan fari ne, akwai maganar kunya. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, alhali na biyun tana rungumarsa a fili. Ba sai an yar da al'ada ba, amma yaro abin da ya gani yake karantawa. Abin da kunya ta hana a tsakar gida, a biya shi a cikin ɗaki.

Maigida, naka rabon a nan yake. Ka ɗauki abu biyu su zama naka da shi kaɗai: wankan safe, ko tafiya masallacin unguwa da magariba, ko zuwa sayen ƙosai na dala ashirin. In ka shigo gida, shi za ka fara ɗauka kafin ka leƙa jariri.

9. Taimako, ba raino ba

Ɗan shekara biyu zuwa uku zai iya miƙo tsumma ko hula. Ɗan huɗu zuwa biyar zai iya zaɓen rigar da za a sa wa jariri, ya yi masa waƙa, ya zo ya faɗa in ya farka. A yaba abin da ya yi da sunansa: "Ka ga ya yi shiru da ka yi masa waƙa."

Hattara: yaron da bai kai shekara bakwai ba, ba a barinsa shi kaɗai da jariri, ko na shiga ban ɗaki ne. Ki goya jaririn, ko ki tafi da babban. Yawancin ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya ce: ya ga ƙaninsa na kuka ya tura masa gyaɗa ko ƙuli a baki, ya ɗura masa ruwa, ya lulluɓe masa fuska don kar ya ji sanyi, ko ya ɗauko shi ya kawo miki. A maimaita masa kullum cewa jariri nono kaɗai yake ci. Haka abin yake ga manya ma: har wata shida babu ruwa, babu zuma, babu jiƙo, ko a zafin Afrilu da Mayu. Uwa ce za ta sha ruwan, ta ƙara ba da nono. Ƴa mace ƴar shekara bakwai ko takwas kuma kar a mayar da ita uwa ta biyu har ta bar makaranta.

10. In ya koma baya, ko ya kai hannu

Fitsarin kwance, maganar jarirai, neman goyo, ƙin ci sai an ba shi a baki: duk an saba gani, kuma yawanci suna wucewa cikin ƴan satuttuka ko wata biyu zuwa uku. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zane, a kai shi fitsari kafin barci, a yi shiru da maganar. Gori gaban baƙi, irin su "ƙato da kai," tsawaita abin yake yi.

In ya mintsini jariri ko ya cije shi, ki riƙe hannunsa nan take, ki durƙusa daidai fuskarsa, ki ce a taƙaice, "Ba a dukan jariri, yana jin zafi." Ki ɗauke jaririn ki lallashe shi. In ƙura ta lafa ki dawo kan babban: "Ka ji haushi na daɗe ina riƙe da shi ko? In ka ji haka, zo ka gaya mini." Dukansa saboda jariri na koya masa abu biyu, cewa wannan baƙon ne ke jawo masa bulala, kuma a yi abin in ba a gani. In fitsarin ya zo da zafi ko zazzaɓi, ko yaron ya daina wasa da ci gaba ɗaya, wannan ya wuce kishi, a kai shi a duba.

11. Karne biyu, tafiya ɗaya

Idon kowa na kan jariri, sai babban ya rame ba a lura ba. A zuba masa abinci a kwanonsa shi kaɗai don a ga abin da ya ci. In za a kai jariri rigakafi a CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, a haihuwa, sai sati 6, 10 da 14, sannan wata 9, a tafi da karnen yayan a duba ko akwai allurar da ta wuce shi, a auna damtsensa. In ma'aunin ya nuna ruwan ɗorawa ko ja, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, a fara magani ran nan. Tun 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani a asibitocin gwamnati, amma a riƙe jika biyu ko uku a gefe don ranar da za a rubuta abin da sai an saya.

Da damina, maganin rigakafin zazzaɓin sauro da ake rabawa wata-wata na yara ne daga wata 3 zuwa 59. Yayan ya shanye na kwana ukun cif, jaririn da bai kai wata uku ba kuwa ba a ba shi. Haka duk wani maganin ruwa na babban, ba a ɗiga wa ƙaramin. In yayan na mura ko tari, a wanke masa hannu, a hana shi sumbatar fuska.

Jariri kuma a kai shi asibiti ba tare da jiran safiya ba in ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, yana jijjiga, tafin hannu da ƙafa sun yi ɗorawa, ko cibiya na wari da ruwa.

12. Mai jegon kanta

Ta yi barci duk lokacin da yaran biyu suka yi, wanki ya jira. Kunun kanwa a sassauta, domin kanwa gishiri ce, kuma mai hawan jini ta bar shi sam. Kumburin ƙafa, haki, kasa kwanciya sai an jingina, ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi ko jinin da ya ƙaru, duk na asibiti ne a ranar. Kuka da ƙuncin rai a kwanakin farko an saba, amma in ya wuce sati biyu, ko tana jin ba ta son ganin yaran, a gaya wa ungozoma. Ciwo ne mai magani.

Ranar da aka je awon sati shida, a yi maganar tazarar haihuwa tare da maigida. Shayarwa na hana ciki ne kawai in jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Shawarar likitoci ita ce a bar shekara biyu tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin. Masu taya jego kuma kar su watse rana ɗaya da cikar arba'in: a roƙi ɗaya ta riƙa leƙowa sau biyu a sati har wata guda, ta ɗauki jaririn awa ɗaya, uwa ta samu ta fita da babban ko zuwa bakin titi ne.